Ranar da Kawu Arzika Ya Hana Mu Lodi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Salamatu, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da take ɗauke da shi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sauke ki Dakar lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na ba innarki wannan takarda ta sa miki a jaka, don na san halina. In na tsaya faɗa miki da baki a tasha, zan fara da nasiha in ƙare da faɗa da ƴan kabu-kabu.

Kin yi mini tambaya ranar Juma'a bayan la'asar, a zaure, na ce ki bar ni in yi tunani. Kika yi dariya kika ce, "Baba, yau kuma kai ne ba ka da amsa?" To, ba rashin amsa ba ne. Amsar ce ta yi tsawo, kuma ni ma ina cikinta.

Bari in maimaita abin da na fahimta, in na yi kuskure ki gyara mini ta waya. Waɗansu samari ne suka haɗa kai suna gina kasuwa a cikin intanet, inda mutane za su riƙa musayar kuɗin nan na na'ura. Kasuwar ba ta da dillali, ba ta da mai ajiya, ba ta da maigidan da za a kai wa ƙara. Ƙa'ida ce ake rubutawa a ordinatar, wato kwamfuta, ita ke karɓa daga wannan ta miƙa wa wancan, kuma in aka sake ta ta fara aiki, gyaranta ba abu ne mai sauƙi ba. Sun ɗauke ki ki zama babbar mai ba su shawara a kan ginin, don ke kin daɗe a aikin, su kuwa yanzu suka fara. Kin duba abin da suka aiko miki, kin ga wata kafa da ɓarawo mai ilimi zai iya bi ya kwashe abin da mutane suka zuba. Kin gaya wa shugabansu Nasiru, wanda ya kawo ki aikin, ƙanen ƙawarki tun kuna lakwal, wato makarantar boko. Shi kuma ya ce sun riga sun yi shelar ranar buɗewa, ki bar maganar tsakaninku, in an buɗe sai a lallaɓa a toshe. Tambayarki ita ce ki rufa masa, ko ki faɗa gaban sauran abokansa, ko da hakan zai raba ki da aikin, ya raba ki da Nasirun.

Kafin komai, wallahi Uwata, kin burge ni. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan buhunan albasa tsakanin Dogarawa da Kwatano ta ƙasar Benin, ban taɓa zaton zan haifi wadda za a kira daga wata ƙasa a ce zo ki duba mana gini ba. Amma ba wannan ne ya fi taɓa ni ba. Na lura da ke a makon nan. Innarki ta yi miki dambun zogale, abin da kike faɗa da ƴan'uwanki a kansa tun kina ƙarama, kika taɓa kaɗan kika ture kwanon. Mutanen da za su zuba dukiyarsu a kasuwar nan ba ki san ko ɗaya ba, ba su san an haife ki ba, amma su ne suka hana ki cin abinci. Na koma ɗaki na gode wa Allah.

Yanzu ga labarin. Kin sha jin gutsurensa a bakin innarki in tana son ta yi mini dariya, amma ita kanta rabinsa ta sani.

Lokacin ina saurayi, ban yi aure ba, muna noman albasa a garkarmu ta Dogarawa. Duk shekara mu ne ban ruwa, mu ne cizon sauro, sai kaya ya nuna dillalai su zo su zauna a inuwa su yanka mana farashi. Abin ya ishe mu. Sai na tara abokaina na ce, me zai hana mu haɗa albasarmu wuri ɗaya, mu ɗauki kamyo, babbar motar kaya, da kanmu, mu kai Kwatano mu sayar ba tare da kowa ya shiga tsakani ba? Suka ce sun yarda, suka ce ni ne shugaba tun da ni na kawo maganar. Kai, na ji daɗin kalmar nan ta shugaba. Har tafiyata ta canza.

Amma ba wanda ya taɓa wuce Doso a cikinmu. Don haka muka je wurin Kawu Arzika, kawun abokina Cindo, wanda duk garin ke kira Kawu. Tsoho ne da ya yi shekaru yana bin motocin albasa har ƙafarsa ta gaji ya zauna. Muka roƙe shi ya zama mai duba mana aiki. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce, "Na ji. Amma ku sani, ba zan riƙe basilla ba, ba zan ɗauki buhu ba. Kayan naku ne. Ido na kawo muku da hanci."

Ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba, Uwata. Zai zo garka a kan kekensa, ya jingine shi, ya sami wuri ya tsuguna, ya yi ta kallo. In ka tambaye shi abu, sai ya ce, "Kai me ka gani?" Sai ka gama faɗin naka, sa'an nan ya ɗora nasa a kai, har ka tashi kana jin kamar kai ka gano. Ranar da muka ari injin ban ruwa ya ƙi tashi, muka juyo gare shi, ya ce, "Wannan ban san shi ba, ku nemi wanda ya sani." Haka kawai, ba kunya, ba kame-kame. Saboda wannan "ban sani ba" ɗin nasa, duk ranar da ya ce ya sani, ba mai musu.

Ga inda muka yi wauta irin ta manoman albasa. Ke ba ki yi noma ba, bari in bayyana miki. In albasa ta kusa nuna, yanke mata ruwa ake yi, a bar ganyenta ya kwanta, wuyanta ya bushe ya rufe. In wuyan bai rufe ba aka sa ta a buhu, ruɓa kan shiga ta nan, ɗaya ta kama ta kusa da ita. Mun san wannan sarai. Amma labari ya zo cewa albasa na tsada a Kwatano don kayan sauran garuruwa bai fito ba tukuna. Sai muka ci gaba da ba ta ruwa don ta ƙara girma ta cika buhu, muka kuma tone ta da wuri don mu riga kowa. Kawu ya tafi ta'aziyya Illela a makon, bai ga abin da muka yi ba.

Ya dawo ranar lodi. Kamyo na tsaye bakin titi da hantsi, direba na shan shayi, an fara ɗinke buhuna, mata sun fito kallo, ni kuma ina ta kai da kawowa ina ba da umarni. Kawu ya jingine kekensa, ya gaisa da kowa, ya je wurin tarin albasar. Bai ɗauki ta sama ba. Ya zura hannu har gwiwar hannu ya zaro ɗaya daga ciki, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci. Ya koma wani tarin ya yi haka. Sai ya ɗago ya dube ni.

Na kama hannunsa na ja shi bayan mota inda ba mai jin mu. Kin san al'adarmu, magana mai nauyi ba a yin ta a tsakiyar taro, gefe ake ja.

Na ce, "Kawu, na san abin da ka gani."

Ya ce, "Madalla, ka rage mini aiki."

Na ce, "Don Allah Kawu, ka bar ta tsakaninmu. Mota ta zo, gari ya fito, dillalai na can suna jiran mu kunyata. In ka faɗa yanzu yaran nan za su watse, ba za su sake haɗuwa ba. Watakila ma ta kai lafiya."

Ya ce, "Watakila ta kai. Na ga wadda ta fi wannan jiƙa ta kai, na ga wadda ba ta kai ta jiƙa ba, amma ta zama ruwa kafin Gaya. Ban san gaibu ba, Isuhu. Amma faɗa mini, albasar nan taka ce kai kaɗai?"

Na ce a'a.

"Kai kaɗai ka zo gidana ka roƙe ni?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To yaya zan ba ka idona kai kaɗai? In motar nan ta tashi ba mai kiran ta baya. Cindo da albasar nan zai yi aure. In zai jefa ta a hanya, ya jefa da saninsa." Sai ya sassauta murya ya dafa kafaɗata. "Ga abin da za mu yi. Mu koma tare. Ka faɗa musu da bakinka, kai ne shugaba, girman naka ne. Ni zan tsaya bayanka in ce haka ne. In mun isa inuwar can ba ka buɗe baki ba, ni zan buɗe."

Muka taka. Uwata, daga bayan motar nan zuwa inuwar ba nisa. Muka isa, kowa ya zuba mini ido, na buɗe baki na ce, "A kawo sauran buhuna." Abin da ya fito ke nan.

Kawu bai ko dube ni ba. Ya ɗaga albasar da ke hannunsa ya ce, "Samari, ku dakata da ɗinki. Wuyanta bai rufe ba. Ku zo kowa ya danna da yatsansa." Suka zo ɗaya bayan ɗaya suka danna. Ya gaya musu abin da ka iya faruwa a hanya, ya gaya musu watakila kuma ba abin da zai faru, ya ce in aka baza ta a inuwa iska ta ratsa ta, za ta yi daidai cikin ƴan kwanaki. Sa'an nan ya ce, "Na faɗi nawa. Kayanku ne, ku yanke." Ya koma wurin kekensa ya tsuguna.

Aka yi hayaniya ranar, kai! Cindo har da jefar da hula. A ƙarshe aka yarda a jira. Direba ya zage mu tas, ya tafi ya ɗauki kayan wasu.

Na san kina jiran in ce waɗanda suka yi lodi a makon albasarsu ta ruɓe, mu kuma muka ci riba. Ba haka aka yi ba. Samarin wani ƙauye kusa da mu sun tone tasu da wuri kamar yadda muka yi, suka tafi, ta kai lafiya lau, suka dawo da rediyo da sababbin takalma. Mu kuwa da muka isa Kwatano kaya ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, da ƙyar muka fita. Auren Cindo sai da ya ƙara shekara. Wannan shi ne abu na farko da nake so ki sa a ranki. Kina iya cewa a dakata, a dakata ɗin, kuma har abada ba wanda zai ga ɓarawon da kika tare. Ba za a gode miki ba. Za a ce ke kika jawo musu asarar lokaci. Ki shirya wa wannan tun yanzu, kada ya zo miki a ba-zata.

Ni na fi kowa fushi. In na hango Kawu a kan kekensa sai in tsallaka titi. Wata rana ina yi wa mahaifiyata ƙorafi, mai sunanki, Allah Ya jiƙanta, sai na zuba mata duk yadda muka yi a bayan mota. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Da ya tsaya gaban abokanka, ya ce ka ja shi gefe ka roƙe shi ya ɓoye?"

Na ce, "A'a."

"Ya gaya wa Cindo daga baya? Ɗan ƙanwarsa ne fa."

Na ce, "Ban ji ba."

Ta ajiye rariya ta ce, "Assha. Mutum ya rufa maka asiri irin wannan, kai kana tsallaka masa titi? Tashi ka ba ni wuri, kada ka dawo sai ka gaishe shi."

Na je. Ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu, ya tambaye ni irin da za mu shuka bana. Har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa tayar da maganar ba, da ni ko da wani. Cindo ma sai da muka yi furfura ya ji ta, daga bakina, ya yi dariya har da hawaye ya ce in biya shi shekararsa ta gwauranci.

Abin da muka samu a ranar ban gane shi ba sai daga baya. Haɗin kan nan namu, da na ce zai watse, ya yi shekaru masu yawa. Akwai shekarar da aka tsare motarmu a duwan ta Gaya, wato kwastan na kan iyaka, rana ta dafa kayan, rabi ya lalace. Irin ranar da abota ke mutuwa ke nan, kowa ya fara tunanin wa ya san wani abu ya yi shiru. Mu ba wanda ya zargi wani. Cindo ya ce, "Da akwai abin da ba daidai ba tun daga gida, da Kawu ya faɗa gaban kowa." Aka share hawaye aka koma garka. Ku da kuke gina kasuwar da ba ta da maigida, ban ga abin da zai riƙe ta ba in ba irin wannan ba.

To ga shawarata, ki ɗauki abin da ya yi miki.

Kada ki tsani Nasiru. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, na san irin tsoron ciki da waje. Kina sauka ki fara da shi, ku biyu. Ki gaya masa maganar za ta fito gaban abokansa kafin ranar buɗewa, kuma kin fi son ta fito daga bakinsa. Ki sa masa lokaci, kada ki bar shi a buɗe, don mai jin tsoro kullum gobe yake cewa. In ya faɗa, ki tsaya bayansa ki ce haka ne, ki bar masa girman. Zai fi ni jarunta, kuma zan so in ji labari. In ya kasa, ki faɗa da kanki. Ki nuna musu kafar yadda kowa zai taɓa da hannunsa, ki faɗi abin da kika tabbatar, ki faɗi abin da ba ki tabbatar ba, ki faɗi abin da gyaran zai ci. Amma roƙon da ya yi miki, wannan ki binne shi. Ko ƙawarki, yayarsa, kada ta ji.

Sa'an nan ki koma wurin kekenki ki tsuguna. Na faɗi wannan ne don na san jinin da ke jikinki. Da na manyanta, ƴaƴan ƙanena a Tajaye suka kira ni in duba musu lodi, ban yi minti nawa ba na fizge basilla daga hannun babbansu na ce ba haka ake ɗinki ba. Na ɗinke musu buhunan tsaf, sun yi kyau kuwa, amma ba su sake kira na ba, kuma har yau yaron ɗinkinsa a karkace yake. Ke ma na ga yadda kike karɓe waya daga hannun innarki in ta tsaya neman lamba. Samarin nan ba don ki gina musu suka kira ki ba. Ki bar su su gyara da hannunsu ko da za su yi jinkiri, ke ki tsaya kina dubawa.

In kuwa sun ji komai, sun gani da idonsu, suka ce duk da haka za su buɗe da kafar a ciki, to nan hanyarki ta rabu da ta Kawu. Mu albasarmu muka so jefawa a hanya. Su dukiyar mutane ce, mutanen da ba su cikin ɗakin da ake shawarar. Ki yi musu sallama da mutunci, ki ce su cire sunanki da hotonki daga shafinsu.

Ba a banza na kawo maganar suna ba. Jiya bayan azahar Alhaji Ɗan Tani mai canji, na bakin kasuwa, ya tare ni a ƙofar masallaci. Ɗansa ya nuna masa hotonki a waya, a shafin samarin nan. Ya kama hannuna yana murna ya ce, "Malam Isuhu, ashe ɗiyarmu ce a ciki! Ni ban yarda da kuɗin da ba na iya taɓawa ba, amma tun da Salamatu ta duba, ranar da aka buɗe da ni za a fara." Mutumin nan shi ya raɗa miki suna. Ban gaya masa komai daga abin da kika faɗa mini ba, amanarki ce. Na dai ce masa, "Alhaji, kada ka sa ko dala sai ka ji daga bakinta." Ya ce ya ji, zai jira ki.

Na san abin da nake ɗora miki. Na san shekarun da kika yi kina jiran aiki irin wannan, na san yadda kika yi murna ranar da aka kira ki. Ba na so ki rasa shi, Allah Ya sani, ina addu'a samarin nan su gane irin wadda suka samu. Amma in ta kai ga sun sallame ki, kada ki sauka Yamai ki tsaya can kina jin kunyar ƙarasowa gida. Ki kira ni. Ni da kaina zan zo tashar Konni in ɗauki jakarki, mu ratsa ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka, duk wanda ya tambayi abin da ya dawo da ke, ni zan ba shi amsa.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ƙarfin zuciya ranar da za ki buɗe baki, Ya sanyaya zuciyar Nasiru, Ya kare dukiyar bayinSa. Allah Ya yi miki albarka, Uwata, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Mahaifinki,
Isuhu
Birnin Konni